Baba Kwaɗo da tambayar da ya rufe

Mijin yayata mai gyaran keken ɗinki ne. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a shago ɗaya, wani ɗan tsukuku tsakanin mai sayar da maɓallai da mai gyaran takalma. In ka tsaya a tsakiya ka miƙa hannuwa, sai ka taɓa bango da bango. Kawunan kekuna ne jere a kan katako har kusa da rufi, kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuyansa, an rubuta mai shi da abin da ke damunsa. Ƙarƙashin teburin kuma gwangwanaye ne cike da noti da sukuru, shi kaɗai ya san abin da ke cikin kowanne. Ko wanka ya yi ya sa sababbin kaya, warin man keke ba ya barin hannunsa.

Ina da shekara tara ya auri Yaya, don haka kusan a gabansa na girma. Ni ce autar gidanmu, kuma har yau da nake da jikoki Auta yake kirana. Kekena na farko shi ya haɗa mini daga matattun kekuna uku, ya ce in ya yi mini gardama in dawo da shi, in kuma ni na yi wa keken gardama in nemi wata sana'ar. Da wannan keken na zama tela. Akwai wasa tsakanina da shi irin na ƙanwar mata da mijin yaya, shi ya sa nake iya faɗa masa abin da ko 'ya'yansa ba sa iyawa.

Mutum ne da bakinsa ba ya furta "ina ganin". Abin da ya auna ko ya taɓa da hannunsa kawai yake faɗa. Ya ce maigidan da ya koya masa aiki, in ka ce masa "ina jin bel ɗin ne", sai ya buge maka hannu ya ce je ka duba ka dawo. Wannan horon ya bi shi har cikin gida. Yaya ta taɓa shimfiɗa masa yadi biyu ta ce wanne ya fi kyau. Ya murza wannan, ya murza wancan, ya ce, "Wannan ya fi kauri. Wancan zai riga shi koɗewa."

Ta ce, "Malam, kyau na tambaye ka."

Ya ce, "Ai shi ba ni da ma'auninsa."

Haka suka zauna shekara da shekaru. Ba mugu ba ne, ba kuma mai rowa ba. Kawai dai in ka zo masa da abin da ba ya kwancuwa da sukundireba, sai ya rasa inda zai kama.

Ya haura hamsin da biyar lokacin da babbar 'yarsa, wadda take aikin jinya, ta saya masa waya mai shafawa. Ni na nuna masa Zauren Teloli. Wani shafi ne a intanet da mutum biyu suka kafa: wata mai koyar da ɗinki a makarantar sana'a, kowa Malama yake ce mata, da wani ɗan tela da ya karanci kwamfuta, ana ce masa Injiniya. Tsarin ba wuya. Ka rubuta tambayarka, waɗanda suka sani su amsa, jama'a su ɗaga amsar da ta fi amfani ta hau sama, kai kuma in ka gwada ta yi, ka sa mata alama don na baya su gani.

Ranar farko ya karanta tambayar wani da kekensa ke tsallake ɗinki a kan yadi mai santsi. An ba shi amsa huɗu. Mijin Yaya ya gyara zaman tabarau ya ce, "Duka huɗun ba su taɓa buɗe keke ba." Ya sa yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, ya rubuta wa mutumin ya cire allurar ya duba ko ta hau har ƙarshe kuma fuskarta na kallon inda ya kamata, in bai daina ba ya sa siririya. Washegari mutumin ya dawo ya sa alama, ya rubuta, "Allah ya saka da alheri, ya daina." Na ga fuskar mijin Yaya lokacin da yake karantawa. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko ranar auren 'yarsa.

Daga nan wayar ta samu wurin zama a kan teburin aiki, jingine da gwangwanin mai. Da zarar mai kawo gyara ya fita, sai ya goge hannu ya duba. Cikin shekara biyu ya amsa tambaya sama da dubu uku. Akwai teloli a wuraren da bai taɓa jin sunansu ba da suke cewa a jira Baba ya zo. Malama da Injiniya suka roƙe shi ya zama na ukunsu cikin masu kula da zauren, ya karɓa.

Ba a jima ba aka yi rikicin da ya canza komai. Wani ya tambaya, "Keken ƙafa da na lantarki, wanne ya fi?" Cikin kwana uku amsa ta haura ɗari biyu. Masu lantarki suka ce masu keken ƙafa mutanen da ne, a kai su gidan tarihi su da kekunansu. Masu keken ƙafa suka ce na lantarki malalata ne, a ɗauke wuta su koma 'yan kallo. Daga keke aka koma kan wa ya iya ɗinki, daga nan aka gangara kan iyaye. Wasu biyu suka gano ashe layinsu ɗaya, suka ƙarasa maganar a bakin titi har aka yaga riga. Mutane masu hankali da yawa, waɗanda su ne ke ba da amsoshin kirki, suka fice ba sallama.

Masu kula su uku suka yi shawara suka kafa doka: duk tambayar da ba ta da amsar da za a iya gwadawa, ra'ayi kawai take nema, za a rufe ta. Mijin Yaya ne ya rubuta 'yar sanarwar da ake liƙawa: "Wannan tambaya ra'ayi take nema, ba ta da amsa ɗaya. An rufe. In kekenka na da matsala, faɗi irinsa, da yadin da kake ɗinkawa, da abin da yake yi." In aka rufe tambaya, hoton ɗan kwaɗon ƙofa ne ke fitowa a gefenta. Malama tana da aji, Injiniya yana da aikinsa, shi kuwa yana zaune da waya a gabansa daga safe zuwa yamma. Kusan duk kwaɗon da ke zauren shi ya danna shi. Haka sunan ya kama shi: Baba Kwaɗo. Wani ɗan tsokana ya ce a fayyace masa, na ƙofa ne ko na rafi. Baba ya rufe wannan ma.

Ni kaina ban tsira ba. Na tambayi wane launin labule ya fi dacewa da shagon tela. Ko minti biyar ba a yi ba na ga kwaɗo. Na kira shi.

"Mijin Yaya, ni ce fa. Autarka."

"Na gani."

"To ko kunya babu? Zan haɗa ka da matarka."

"Auta, ko ita ta rubuta sai na rufe. Sa wanda ba ya nuna datti."

Gaskiya dai dokar ta yi aiki. Zauren ya yi tsaf. In zarenka na tsinkewa, ka rubuta kalma biyu a wurin nema, sai ga amsar da aka ba wani shekara uku da suka wuce, da alamarta. Ba zagi, ba surutu. Amma mutane sun fara jin tsoron tambaya. Na san mata da yawa da suke karantawa kullum, ba su taɓa rubuta ko harafi ba, don kada a liƙa musu kwaɗo a gaban jama'a.

Wata safiya na kai masa kan kekena yana ƙara. Ina zaune a kan benci, ya kwance murfin gefe, sai wayar ta yi motsi. Ya goge hannu ya ɗauka. Na leƙa ta kafaɗarsa. Wata ce da take kiran kanta Mai Tsohon Keke. Ba ta taɓa tambaya ba sai ranar. Ga abin da ta rubuta, kusan na haddace shi:

"Shekarata talatin da ɗaya ina ɗinki. Yanzu idona ya yi rauni, sai in yi minti goma ban zura zare a allura ba. Kaya biyu aka dawo mini da su a watan nan, ɗinkin ya karkace. Likita ya ce idon ba zai ƙara gyaruwa ba. Ɗana ya ce in sayar da keken in koma wurinsa in huta. Ku da kuka san aikin nan, in ku ne ya za ku yi? In sayar ko in ci gaba?"

Ya karanta sau biyu. Na ga yatsansa ya nufi kwaɗon.

Na ce, "Kada ka yi."

"Doka ce, Auta."

"Wace irin doka? Ba ka ji abin da baiwar Allah ta ce ba?"

"Na ji. To wa ya san amsar? In aka ce ta sayar, ta zauna tana nadama, wa ya ɗauka? In aka ce ta ci gaba, ta ɗinke yatsanta, wa ya ɗauka? Mutum hamsin za su zo kowa ya faɗi nasa, ta tashi ta fi da ruɗewa. Kuma in na bar wannan, gobe mai launin labule ta ce don me."

"Ba amsa take nema ba. So take wani ya ce mata ya ji."

"Nan wurin gyaran keke ne."

Ya danna. Sanarwar nan ta fito a ƙarƙashin maganarta, har da cewa ta faɗi irin keken da yadin da take ɗinkawa. Ya ajiye wayar ya koma kan aikina. Da ya gama na ɗauki kan kekena, ko godiya ban yi ba.

Kafin yamma zauren ya ɗauki zafi. Tunda ba a iya amsawa a ƙarƙashin rufaffiyar tambaya, sai mutane suka riƙa buɗe sababbi suna cewa a buɗe ta Mai Tsohon Keke. Ya rufe goma sha uku a yini ɗaya. Malama ta kira shi. Ya ba ni labari daga baya cewa ta ce masa ba duk tambayar ra'ayi ce iri ɗaya ba. Akwai "wanne ya fi", wadda kowa zai yi ihu a kanta ko bai san komai ba. Akwai kuma wadda sai wanda abin ya taɓa samu ne zai iya amsawa, kuma zauren cike yake da teloli masu furfura. Ya ce mata to ta nuna masa inda layin ya bi, ya ga ta inda zai auna. Ta ce ba ta da layi, hankali ake sawa. Ya ce hankalinsa da nata ba ɗaya ba ne, shi ya sa aka yi doka. Tana da ikon buɗewa da kanta, amma ba ta so ta kunyata dattijo a gaban mutane. Injiniya kuwa ya ce su daidaita tsakaninsu.

Kwana takwas yana kan bakansa. Ni na daina zuwa shagon. A rana ta tara, Yaya ce ta faɗa mini, ta kai masa abincin rana, ya zauna yana juya cokali bai ci ba. Ya ce mata kowa ya juya masa baya a kan abin da su da kansu suka sa hannu aka kafa. Ya ce, "Ke ma kina ganin na yi laifi?"

Ta ce, "Yau kuma ra'ayina kake tambaya?"

Ya ci gaba da juya cokalin.

Ta ce, "Ni shekara talatin da biyar ina tambayarka kana ba ni kaurin yadi. Na saba. Ita wannan matar ba ta saba ba."

Washegari ya jawo ƙofar shago rabi, ya ce wa mai maɓallai duk wanda ya zo a ce ya dawo da yamma. Ya cire kwaɗon daga tambayar Mai Tsohon Keke. Sannan ya zauna da yatsansa ɗaya tun safe har rana ta take, yana rubuta mata amsa. Ya fara da abin da ya sani. Ya ce akwai ɗan ƙarfen zura zare, ta nema, ba sai ta ga ramin allura ba. Ta sa fitila ƙarama a gefen hagu, kusa da allurar, ba a sama ba. Ta liƙa wani abu mai kauri a kan farantin keken, daidai faɗin ɗinkin da take so, yadin ya riƙa bin gefensa, hannunta zai ji ko idon bai gani ba. Ta daina karɓar kayan ado, ta koma zanen gado da labule da faci. Sai ya sauko ƙasa ya rubuta:

"A ganina kada ki sayar da kan keken, ko da kin koma wurin ɗanki. Na san teloli goma sha ɗaya da suka sayar saboda tsufa ko ido, don ta hannuna aka sayar. Bakwai daga cikinsu sun riƙa zuwa shagona suna zama ba su kawo gyaran komai ba. Sai su jawo keken wani su riƙa juya shi da hannu. Ban taɓa tambayarsu dalili ba. Ki yi haƙuri da rufewar da na yi."

Da na karanta na kira Yaya na ce, "Kin ga mijinki ya ce 'a ganina'?" Muka yi dariya, ita har da share ido.

Mutum arba'in da wani abu suka ɗaga amsar. Wasu tsofaffin teloli suka zo suka ba da nasu labarin, ba wanda ya zagi wani. Amma shafin yana nuna ranar da kowa ya leƙo na ƙarshe. Ita Mai Tsohon Keke, leƙonta na ƙarshe ranar da aka rufe tambayarta ne, minti ashirin bayan kwaɗon. Ba ta sake dawowa ba. Ba a san sunanta ba, ba a san garinsu ba. Injiniya ya tura saƙo ta adireshin da ta yi rajista da shi, shiru. Mijin Yaya ya yi fiye da shekara yana buɗe shafinta kowace safiya kafin ya taɓa keke. Kwanan watan bai canza ba.

Bayan haka shi da Malama suka sake dokar. Suka ce an yarda da tambayar ra'ayi in mai ita ya faɗi halin da yake ciki, kuma duk mai amsawa ya faɗi abin da ya same shi da kansa, ba abin da ya ji ba. Ya ɗauki abin da gaske, yadda yake ɗaukar komai. Maimakon ya rufe, sai ya riƙa bin mai tambaya da tambayoyi, sannan ya gyara masa rubutun. In wani ya ce "wane keke ya fi", sai ya mayar da ita, "Kayan makaranta nake ɗinkawa, awa takwas a rana, wuta ba ta zama a unguwarmu. Wa ya yi irin wannan aikin, kuma wane keke ya jure masa?" Tambaya ɗaya takan ci masa rabin awa.

Ba wanda ya gode. Masu tambaya suka ce wa ya aike shi ya taɓa musu magana. Da yawa in ya tambaye su me suke ɗinkawa ba sa ma dawowa. Tsofaffin masu amsa, waɗanda suka zauna saboda tsaftar wurin, suka ce Baba ya yi laushi, zaure ya koma kasuwa, suka fara janyewa. Sannan wani dillalin kekuna ya buɗe suna bakwai, kowanne ya zo ya ce shi tela ne, ya yi shekara biyar da keke iri kaza bai taɓa ba shi matsala ba. Wata huɗu ana ɗaga amsoshinsa kafin Injiniya ya gano duk daga waya ɗaya suke fitowa. Mutane da dama sun riga sun saya.

Ranar na same shi ya tallafe haɓa. Ya ce, "Auta, da in mutum ya yi ƙarya keke ne ke tona shi. Ka ce a juya allura, a juya, ko ya daina ko bai daina ba. Yanzu kowa sai ya ce na gwada. Ta ina zan duba?"

Na ce, "To ka koma rufewa mana."

Ya ce, "Na rufe, kin ga abin da ya faru. Na buɗe, ga shi."

Ya ci gaba dai, wata tambayar ya rufe, wata ya bari, kuma kowacce ya yi sai an samu mai cewa son kai ne.

A lokacin ne aka buɗe guruf na teloli a waya, irin wanda ake tura murya. Ba doka, ba kwaɗo. Mutane suka kwashe suka koma can, kuma ba zan ɓoye ba, har da ni. Can za ka ce kana jin kasala yau, mutum goma su taya ka. Saƙo ɗari huɗu a yini. Tambayar da aka yi ranar Litinin za a sake yin ta ranar Alhamis, don ba mai iya nemo ta baya. Na sa shi a ciki. Kwana biyu ya yi. Wani ya ba da shawarar a zuba man girki a keke in na keke ya ƙare, Baba ya rubuta cewa zai daskare ya kama ƙura ya cinye keken, kada kowa ya yi. Mutumin ya turo murya yana dariya: "Baba, kowa da ra'ayinsa. Nan fa ba ka da kwaɗo." Aka bi shi da hotunan dariya. Ya fice daga guruf ɗin.

Zauren ya koma tambaya uku a mako, daga baya ɗaya. Aka yi wa Malama canjin wurin aiki, ta yi sallama da kyau ta tafi. Ya rage shi kaɗai yana share tallace-tallacen da ake zubawa. Wata rana wani tela ya kawo gyara ya nuna masa manhajar nan da ake tambaya ta amsa kome da kome. Ya ce ya tambaye ta wane keke ya fi, ta ba shi amsa har da jeri, ba ta ce masa an rufe ba. Mijin Yaya ya karɓi wayar ya karanta har ƙasa, ya miƙa masa. Ya ce, "Ta iya magana."

Shagon ma a lokacin ya fara yin shiru. Sababbin kekunan da ake kawowa rabinsu roba ne, a rufe suke ruf, in sun lalace ba a buɗewa, sai dai a sayi wani. Masu tsofaffin kuma suna ta raguwa. Yakan yi yini biyu ba wanda ya shigo sai mai takalma ya leƙo su gaisa.

Sai Injiniya ya rubuto cewa ba zai iya ci gaba da ɗaukar nauyin shafin ba, ƙarshen wata zai sauke shi. Ya yi alkawarin turo kwafin komai, kuma ya turo. Amma abin bai buɗu a waya ba. 'Yarsa ta kai wurin aikinsu ta buɗe a kwamfuta, sai ga rubutu a cakuɗe da alamomi, tambaya a wani wuri, amsarta a wani wuri, ba mai iya haɗa su sai wanda ya san aikin. Injiniya ya ce zai gyara in ya samu sarari. Har yau bai samu ba.

Saura kwana goma sha tara a sauke shafin, mijin Yaya ya sayi littattafan rubutu irin na 'yan makaranta guda shida. Ya zauna a teburin aiki yana kwafar amsoshin zauren da biro. Na ɗauka nasa zai kwafa. Da na duba sai na ga na mutane ne, waɗanda ya ce sun san abin da shi bai sani ba: wata da ta iya ɗinkin fata, wani da ya san kekunan saƙa. Ya ce nasa suna kansa. A lokacin ne na lura hannunsa na rawa. Layin farko a kowane shafi a miƙe yake, kafin ya kai ƙasa rubutun ya zama kamar tafiyar tururuwa. Na ce in taya shi, ya ce rubutuna ba ya karantuwa tun ina 'yar makaranta. Na taya shi duk da haka, yini uku. Mun kai amsa ɗari biyu da sittin cikin dubu goma sha wani abu. Ranar ɗaya ga wata ya buɗe wayar da safe, shafin ya nuna fari fat.

Bai kai shekara ba bayan haka ya bar shagon. Sukuru ƙanana sun daina tsaya masa a yatsa, sai ya yi ta laluben ƙasa. Ba wanda ya kore shi, shi ya ce ya isa. Kawunan keke goma sha huɗu da masu su ba su dawo ba aka kwaso a mota aka jera a ɗakin da ke bakin ƙofar gida. Yanzu wani mai sayar da kayan waya ne a wurin, ya yi fenti ya sa fitilu masu launi.

Yana nan da ransa. Yakan zauna a kujerar roba a tsakar gida, wayar tana ɗaki, sai in 'ya'yansa sun kira Yaya ta kawo masa. Da bakinsa bai ƙara ambatar zauren ba. Watan jiya da na je ya shiga ɗaki ya fito da littattafan nan shida a cikin leda, ya ce in kai wa teloli, ajiyarsu a nan ba ta da amfani. Na ɗauki hoton shafi goma, waɗanda suka fi karantuwa, na tura a guruf, na rubuta cewa aikin Baba ne, duk mai so ya zo shagona ya kwafa. Mutum biyu suka sa hoton babban yatsa. Kafin awa ɗaya wata ta tambayi inda ake samun yadin shafin cikin riga mai sauƙin kuɗi, aka bi ta da murya sittin, hotunan suka nutse. Ba wanda ya zo.

Ranar Asabar na koma gidan. Yaya tana kwashe shanya, shi yana zaune inda ya saba. Muka gaisa, ya tambayi yara da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Auta, littattafan nan. Sun karanta?"

Na ce, "Sun gani."

Ya dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci. Sannan ya ce wa Yaya ta bar masa tawul ɗin nan a kan igiya, bai gama bushewa ba.